Daga Kasuwa Zuwa Allo: Yadda Ake Koyar da Tsimi da Tanadi na Maikuro ga 'Yan Aji Ɗaya

Na taɓa koyar da wani yaro da ya tashi a rumfar mahaifinsa a kasuwar hatsi ta Dawanau. In ka tambaye shi abin da zai faru da kuɗin gero idan damina ta yi kyau, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa, har ya ƙara maka da watan da ya kamata a saya a ajiye da watan da za a fitar. Ranar jarrabawa aka yi masa wannan tambayar da harshen littafi, aka ce ya zana, sai ya matsar da layin da bai kamata ba, ya rasa makin gaba ɗaya. Yaron ya san abin, amma ba a taɓa nuna masa cewa zanen allo da cinikin rumfar babansa magana ɗaya suke yi ba. Wannan jagorar na rubuta ta ne ga malam ko malamar da aka miƙa wa kwas ɗin farko na tsimi da tanadi, wato sashen maikuro mai duba yadda mutum ɗaya, gida ɗaya ko kamfani ɗaya ke yanke shawara, da yadda farashi ke samuwa a kasuwa. Tsarin da nake bi a kowane darasi ɗaya ne: a fara da kasuwar da ɗalibi ya sani, a sa shi ya yi hasashe da bakinsa, sannan a je allo.

Mataki na 1: Kafin ka fara, auna lissafinsu, ka rage kaya

Ranar farko ka raba takarda mai tambayoyi biyar, ka faɗa musu ba ta da maki. Kuɗin mudu ya tashi daga naira 800 zuwa 1,000, kashi nawa cikin ɗari ya ƙaru? Ga ɗigo biyu, ja layi tsakaninsu ka faɗi gangararsa. Idan 2x + 10 = 30, mene ne x? Irin waɗannan. Cikin rabin sa'a za ka san inda ajinka yake. Yawancin waɗanda ke faɗuwa wannan kwas lissafin kashi cikin ɗari da karanta zane ne ke kayar da su, kuma sukan ji kunyar faɗa. In ka ga rabin aji sun yi tuntuɓe, ka ba da lacca ɗaya cikakkiya ga wannan kaɗai. Za ka fanshe lokacin a gaba.

Sai ka zauna da manhajar kwas ɗin da alƙalami. Zango a takarda ya fi zango a aji tsawo, domin rajista da hutu da gwajin tsakiya duk suna cin makonni. Ka zaɓi abubuwa shida da ba za ka yarda ɗalibi ya fita bai iya ba: abin da zaɓi ke ci, buƙata da samarwa, talewar buƙata (yadda saye ke sauyawa in farashi ya motsa), tunanin ƙarin ɗaya (auna abin da kowane ƙari guda ke kawowa da abin da yake ci), tsarin kasuwanni, da inda kasuwa ke gazawa. Sauran a taɓa su gwargwadon hali. Layukan gamsuwar mai saye, masu nuna haɗin kaya biyu da ke ba shi gamsuwa iri ɗaya, waɗanda ke cinye wa malamai makonni biyu, ni darasi ɗaya nake ba su, domin za a sake su da zurfi a aji biyu.

Mataki na 2: Makon farko na zaɓi ne

Al'ada ita ce a buɗe da jerin ma'anoni, a ce Adam Smith ya ce kaza a 1776, Alfred Marshall ya ce kaza a 1890, Lionel Robbins ya ce kaza a 1932, ɗalibai su kwafa su haddace. Ma'anar Robbins tana da amfani, tunda ita ta ɗora ilimin kan ƙarancin abin hannu da yawan buƙatu, amma a ajiye ta zuwa ƙarshen laccar.

Ka fara da tambaya: zaman da kuke yi a nan na sa'a biyu, nawa ya ci muku? Za su ambaci kuɗin mota da kuɗin makaranta. Ka ci gaba da tambaya har wani ya ce da bai zo ba da yana shagon yayansa, ko yana jan A Daidaita Sahu, kuma da ya samu kaza. Wannan kazan da ya bari shi ne tsadar zaɓinsa ta gaskiya. Daga nan ka kawo manomin da ya ajiye buhu ashirin na masara daga kaka zuwa bazara. Bai biya kowa ko sisi ba, rumbun nasa ne, to ajiyar kyauta ce? Su za su gano cewa kuɗin da zai samu da ya sayar tun kaka zai iya sayen tumaki ya yi kiwo, ga ƙwari da ke rage buhun. In wannan ya zauna, ka rubuta ma'anar a allo, za su ga sun riga sun faɗe ta da kansu.

A wannan makon ne kuma za ka raba musu magana biyu da za su riƙa cakuɗawa har ƙarshen zango: bayanin abin da ke faruwa, da hukunci kan abin da ya kamata. "In aka cire tallafi kuɗin mota zai tashi" ana iya gwada ta a gani. "Bai kamata a cire tallafi ba" tana buƙatar a san abin da mai maganar ya fifita. Duka biyun suna da wuri a aji, sai dai ɗalibi ya san wacce yake yi.

Mataki na 3: Buɗe kasuwa a cikin aji

Wannan shi ne darasin da na fi ba muhimmanci, kuma ba ya buƙatar wuta ko na'ura. Asalinsa daga Edward Chamberlin ne, wanda ya riƙa yin irinsa da ɗalibansa a Jami'ar Harvard, ya buga sakamakon a 1948. Ɗalibinsa Vernon Smith ya gyara tsarin, ya sa ana shelar taya a fili ana maimaita ciniki, ya buga a 1962, kuma aikin nan na cikin abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2002.

Ga yadda ake yi. Yanka kati ashirin. Goma na masu saye, kowanne ka rubuta iyakar abin da zai iya biya kan tiya ɗaya ta wake: 2,000, 1,900, 1,800, a haka ana saukowa har 1,100. Goma na masu sayarwa, kowanne ka rubuta abin da tiyar ta ci masa: 800, 900, 1,000, ana hawa har 1,700. Fito da ɗalibai ashirin gaban aji, maza da mata, kowa ya ɓoye katinsa. Ribar mai saye ita ce tazarar da ke tsakanin abin da ke katinsa da abin da ya biya, ribar mai sayarwa kuwa abin da ya karɓa a cire abin da ke katinsa. Ba wanda zai yi cinikin faɗuwa. Ka ba su minti huɗu su yi taya da albarka da babbar murya, duk wanda aka sallama wa, su zo a rubuta farashin a allo. Sauran aji ba 'yan kallo ba ne kawai, kowa ya rubuta hasashensa na inda farashi zai tsaya.

Zagayen farko farashi zai warwatsu, wani ya saya 1,700, wani 1,100. Ka karɓi katunan ka cakuɗa ka sake rabawa, masu saye tsakaninsu, masu sayarwa tsakaninsu. Zuwa zagaye na uku ko na huɗu za ka ga cinikin yana taruwa kusa da 1,400, ana sayar da tiya shida ko bakwai. Sai yanzu ka tona katunan, ka jera na masu saye daga babba zuwa ƙarami, na masu sayarwa daga ƙarami zuwa babba, ka zana su kamar matakala biyu, ɗaya na sauka ɗaya na hawa. Za su haɗu daidai kan 1,400. Shirun da aji ke yi a wannan lokacin ya cancanci duk wahalar yankan katin. Ba wanda ya san katin wani, ba wanda ya ba da umarni, amma farashin ya nemo wurinsa.

Kada ka tsaya nan. Sanar da cewa an yi fari, kowane mai sayarwa ya ƙara naira 400 kan abin da ke katinsa. Kafin a buɗe ciniki ka tambayi aji: farashi zai tashi da nawa? Kusan kowa zai ce 400. A yi cinikin, sai ya tsaya wajen 1,600, tiya huɗu ko biyar. Ƙarin 200 ya faɗa kan mai saye, sauran 200 mai sayarwa ya haɗiye. Ka riƙe wannan sakamakon, domin shi za ka ɗauko ranar da za ka koyar da wanda haraji ke faɗa wa. Zagayen ƙarshe, koma kan katunan asali ka kafa doka: ba a sayar da tiya sama da 1,050. Masu saye goma duk suna so, masu sayarwa uku kaɗai za su iya. Ka sa ido, sau da yawa za ka kama biyu suna raɗa a gefe suna ƙulla ciniki sama da doka. Kada ka tsawata musu, ka nuna wa aji, ka tambaya ko sun taɓa ganin 'yan bumburutu da jarkoki a bakin gidan mai da layi ya kai kwana.

In ajinka ya kai mutum ɗari uku, wasan yana yiwuwa haka nan, sai dai ka sa wakilin aji da mutum biyu su taya ka rubutu da tsare lokaci.

Mataki na 4: Zane, da kuskuren da ya fi kowane yawa

Bayan wasan ne za ka gyara matakalar ta koma layuka biyu. Ka faɗa musu tun farko cewa farashi a layin tsaye yake, adadi a layin kwance. Wanda ya iya lissafi zai ga kamar an juya abin, kuma yana da hujja, amma al'ada ce da ta bazu daga littafin Marshall, kowa kuma ita yake bi. Marshall ɗin ne ya kwatanta buƙata da samarwa da bakin almakashi biyu, ba a cewa wannan ne ya yanka ban da wancan.

Akwai tarko a kalmar buƙata kanta. A Hausa, mai buƙata yakan zama wanda ba shi da shi. A wannan ilimin kuwa, buƙata ita ce so tare da ikon biya a wani farashi. Mai jin yunwa da aljihu wayam ba ya cikin layin buƙatar shinkafa, duk da ya fi kowa buƙatarta a ma'anarmu ta yau da kullum. Ka tsaya ka faɗi wannan a fili, domin gyara ce ta kalma, kuma ita ke nuna iyakar abin da kasuwa ke gani.

Kuskuren da zai bi ka har ɗakin jarrabawa shi ne rikita tafiya a kan layi da matsawar layin gaba ɗaya. Maganinsa tambayoyi uku ne da ɗalibi zai yi a jere duk lokacin da aka ba shi labari. Abin da ya faru, wa ya fara taɓawa, mai saye ko mai sayarwa? Ya sa shi son ƙari ko ragi, ko da farashi bai motsa ba? To in layin ya matsa, ina sabuwar mahaɗar? Ka sa su yi wannan sau ashirin, da labarai na gaske. Raguna ana saura mako biyu Babbar Sallah: masu saye ne, layinsu ya matsa dama, farashi da adadi duk sun tashi. Ƙwarin Tuta absoluta da ya cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano a 2016: masu samarwa ne, layinsu ya matsa hagu, farashi ya hau adadi ya sauka. Rufe iyakokin ƙasa na Najeriya a Agustan 2019, wanda ya ɗauki har Disambar 2020: shinkafar waje ta ragu, sai masu saye suka juya kan ta gida, ka ga labari ɗaya ya motsa kasuwa biyu.

Ka ba da labarin, kowa ya ɗaga yatsa ɗaya ko biyu don zaɓen amsa. In aji ya rabu, kada ka faɗi gaskiyar, ka ce kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi cikin minti biyu, a sake ƙuri'a. Sau da yawa bayanin ɗalibi ga ɗan'uwansa ya fi naka shiga, domin shi yanzu ya fita daga ruɗanin, bai manta inda yake ba. A nan ma harshe ke shigowa. Da Turanci za a yi jarrabawa, a Nijar da Faransanci, kuma ajinka ba Hausawa ne kaɗai ba, saboda haka kai ka riƙe harshen koyarwa. Amma a waɗannan minti biyun, bar kowa ya yi da harshen da ya fi masa sauƙi.

Mataki na 5: Talewar buƙata, da kuɗi a hannu

In ka fara da ƙa'idar lissafi, za su haddace ta su manta amfaninta. Fara da mutum biyu. Mai shayi ne shi kaɗai a unguwa, ya ƙara kofi daga naira 200 zuwa 250, cinikinsa ya sauka daga kofi 100 zuwa 90. Mai zoɓo kuma tana cikin masu zoɓo shida a bakin makaranta, ita kaɗai ta ƙara daga 100 zuwa 125, cinikinta ya sauka daga gora 100 zuwa 50. Lissafin misali ne, amma ka sa su yi shi da hannunsu. Mai shayi ya tashi daga 20,000 zuwa 22,500. Mai zoɓo ta faɗo daga 10,000 zuwa 6,250. Dukansu kashi 25 suka ƙara. Me ya bambanta su? Ɗalibai za su ce masu sayen zoɓo suna da wurin gudu. Shi ke nan, sun faɗi babban dalilin. Sai ka raba kashin canjin adadi da kashin canjin farashi, ka samu 0.4 da 2, ka ce musu ƙasa da ɗaya buƙata ce mai tauri, sama da ɗaya mai talewa kamar danƙo.

Misali mafi girma yana cikin rayuwarsu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da ƙarshen tallafin fetur a Najeriya, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 da sama. Tambaye su abin da gidansu ya yi a makon farko, da abin da ya yi bayan shekara. Za ka ji an ajiye mota an koma babur, an sayi faifan sola an rage tayar da janareto, wani ya sauya wa yaro makaranta zuwa ta kusa. Buƙata takan ƙara talewa da tsawon lokaci, kuma daga bakinsu hujjar za ta fito.

Kada ka wuce ba ka kawo manomi ba. Me ya sa shekarar da albasa ta yi albarka a Aliero, ko tumatir ya cika Kadawa, wani lokaci manomi ke kuka? Kaya ya yi yawa, mutane ba za su ninka cin albasa don ta yi araha ba, ga shi ba ta jure dogon ajiya, sai farashi ya faɗi fiye da yadda amfanin ya ƙaru. Ɗaliban da suka fito daga gidan noma sukan daɗe suna neman wannan bayanin.

Mataki na 6: Ƙayyade farashi, da tambayar da za ta zo

Wasan kati ya riga ya yi rabin aikin. Ka ƙara da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, inda masu POS suka riƙa cajin kuɗi mai yawa kafin su ba mutum tsabar kuɗinsa. Sai mafi ƙarancin albashi, wanda ya tashi daga 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a 2024, a matsayin farashin da aka hana ya sauka. Ka nuna abin da zanen ke hasashe, ka kuma faɗa musu gaskiya cewa masana suna saɓani kan girman tasirinsa ga samun aiki, kuma yawancin masu aiki a ƙasarmu ba sa ma ƙarƙashin wannan doka.

A ajin Arewa, wani zai ɗaga hannu ya tambayi matsayin addini kan ƙayyade farashi da ɓoye kaya. Kada ka kauce. Akwai hadisin Anas, cewa farashi ya yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade musu, bai yi ba, ya ce Allah ne Mai ƙayyade farashi. Akwai kuma hanin ɓoye kaya, kuma malamai irin su Ibn Taimiyya sun yi bayanin halin da hukuma za ta sa baki, kamar in 'yan kasuwa sun haɗa kai sun ƙuntata wa jama'a. Ka ga an raba tsadar da ƙarancin kaya ya kawo da tsadar da haɗin baki ya kawo, kuma wannan rabon shi ne ƙofar darasin tsarin kasuwanni. Fatawa ka bar wa masu ita. Aikinka ka nuna abin da ke biyo bayan kowace hanya.

Mataki na 7: Tunanin ƙarin ɗaya

Kofin ruwa na farko a buɗa-baki da kofi na huɗu ba ɗaya suke ba, kuma duk mai azumi ya san haka. Da wannan ka gama bayanin raguwar gamsuwa cikin minti biyar.

Ɓangaren samarwa ya fi buƙatar zama. Zana gona ɗaya a allo. Ɗan ƙwadago ɗaya buhu 10, biyu buhu 18, uku 24, huɗu 27, biyar 28. Buhu naira 30,000, ladan kowane mutum na damina 100,000. Mutum nawa za a ɗauka? Da yawa za su ce biyar, tunda a nan amfani ya fi yawa. Ka sa su cire abin da kowane sabon mutum ya ƙara: 10, 8, 6, 3, 1. Na uku ya kawo 180,000, ya ci ladansa har da saura. Na huɗu ya kawo 90,000, bai biya kansa ba. A tsaya a uku. Na huɗun ba rago ba ne, gonar ce ba ta ƙaru ba. Duk ƙa'idar da za ta zo daga baya, ta cewa kamfani ya ci gaba da samarwa har kuɗin shigar ƙarin ɗaya ya yi daidai da kuɗin yin sa, wannan teburin ce da wata riga.

Kuɗin da ba ya canzawa da wanda ke canzawa, ka koyar da su da tela. Ya biya hayar shago ta shekara. Bayan Sallah ɗinki ya yi ƙasa, abin da yake samu ya biya zare da mai da yaron shago har da ɗan ragowa, amma bai kai rabon hayar watan ba. Ya rufe ko ya buɗe? Ya buɗe, domin haya ta riga ta tafi ko yana gida kwance. Ranar sabunta haya ce zai yi wancan lissafin. Layukan kuɗin samarwa masu siffar ƙwarya su zo bayan wannan, kuma kada ka zana fiye da uku a allo ɗaya.

Mataki na 8: Tsarin kasuwanni da inda kasuwa ke gazawa

Ka jera su kan tambaya ɗaya: in na ƙara kuɗi, masu sayena suna da wurin zuwa? Manomin gero ba shi da ta cewa, farashin kasuwa yake karɓa. Mai rumfa a Kantin Kwari yana da ɗan iko saboda zaɓin kayansa da amanar abokan cinikinsa. Siminti kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da shi, kowanne yana kallon motsin ɗan'uwansa. Rarraba wutar lantarki kuwa kamfani ɗaya ne ga kowane yanki tun sayar da su a 2013, kamar KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa, shi ya sa hukumar kula da wutar lantarki ke tsara farashi. Ba kowane babakere ne mugunta ta haifa ba, wani daga yanayin aikin yake, domin ba hikima a kafa turakun wuta biyu a layi ɗaya.

Tarihin wayar salula ya fi kowane misali nuna aikin gasa. MTN da Econet sun fara a 2001, layi yana da tsadar gaske, kira kuma da minti ake caji. Glo ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa, sauran suka bi. Sannan ka kai su Nijar: wata mai bincike, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da salula ke bazuwa, ta gano bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, tunda ɗan kasuwa yana iya kira ya ji farashi ba sai ya yi tafiya ba. Ɗalibi ya ga cewa labari ma kaya ne mai daraja, kuma ana yin bincike na duniya kan kasuwar da kakansa ke ci.

Daga nan gazawar kasuwa ba ta da wahala. Janareton maƙwabci, shi ke shan wuta kai kana shan hayaƙi. Makiyaya ko rijiyar gari da kowa ke amfana ba mai gyara, tare da aikin Elinor Ostrom, wadda ta samu Nobel a 2009, da ya nuna al'ummomi da yawa sun iya tsare irin wannan dukiyar da dokokin kansu. Sai babur na hannu, wanda mai sayarwa ya san cutarsa mai saye bai sani ba, matsalar da George Akerlof ya yi bayani a 1970 da kasuwar tsofaffin motoci. Tambaye su dalilin da ya sa ake biyan dillali la'ada a kasuwar dabbobi ta Maigatari, za su gane cewa sunansa da saninsa ake saya.

Mataki na 9: Aikin kasuwa da jarrabawa

Tun mako na uku ka raba aji rukuni-rukuni, mutum biyar zuwa takwas. Kowane rukuni ya zaɓi kaya ɗaya da kasuwa ɗaya, ya riƙa ɗaukar farashi rana ɗaya a mako, wajen masu sayarwa uku, har mako takwas. Ka ja musu kunne kan ma'auni, domin mudun wannan kasuwa ba lallai ya zama na waccan ba, kuma wani mai kaya ba ya ƙara kuɗi sai dai ya rage kashi ko ya daina gyara. Su gaishe da mai kaya, su faɗa masa su ɗalibai ne, kada su tsaya masa lokacin da ciniki ya kankama. A ƙarshe shafi biyu kawai kake so: teburin farashi, zane ɗaya, da bayanin wane layi ne ya matsa da hujjar da suka ji ko suka gani. Ka kira mutum ɗaya daga kowane rukuni ba tare da sanarwa ba ya kare aikin, wannan ke hana a bar wa mutum ɗaya ɗawainiya. Irin wannan aikin ba a iya kwafo shi daga intanet.

Jarrabawa ita ke gaya wa ɗalibi abin da kake nufi da gaske. In ka yi zango kana wasan kasuwa sannan ka tambayi ma'anoni biyar da siffofi bakwai, na baɗi za su ji labari su koma hadda. Ka raba makin uku: kashi ɗaya ga ma'ana da ƙa'ida, kashi ɗaya ga lissafi, kashi mafi girma ga labarin da ba su taɓa ji a aji ba, su zana su yi bayani. Misali: an buɗe sabuwar hanya daga ƙauyen da ake noman kankana zuwa birni, me zai faru da farashinta a birnin, me zai faru da shi a ƙauyen? Wajen duba takarda ka ware maki ga sanya wa layuka suna, maki ga matsar da layin da ya dace, maki ga bayanin baki. Wanda bayaninsa ya yi daidai zanensa ya karkace, ka ba shi na bayanin, ka rubuta masa a gefe inda zanen ya saɓa wa maganarsa. Bayan gwajin tsakiya kuma ka ɗauki lacca ɗaya ka kawo kurakurai uku da suka fi yawa, ba tare da ambaton sunan kowa ba, aji ya gyara su a allo kafin a shiga sabon babi.